Duwatsun da Matata Ta Riga Ni Gani

Kwamfutar ba tawa ba ce. Ta ƙanin matata ce, wanda ya samu aiki a Legas a farkon wata damina, ya rasa inda zai ajiye ta. Irin ta tebur ce, baƙin akwati mai nauyi da fankoki uku a ciki. Allonta ya riga ya bar wa wani abokinsa, saboda haka ranar da ya kawo ta gidanmu a Gaya sai ya jona ta da talabijin ɗin da ke bangon falo. Ya ajiye sandar tuƙi a kan ɗan teburin da muke cin abinci, ya ja teburin da kujera can wajen ƙofa inda iska take shigowa, ya ce, "Yaya, zo ka zauna. Yau za ka tashi jirgi."

Na ce masa ni da na haura arba'in, ina ni ina wasan yara. Ya ce wannan ba irin na harbe-harbe ba ne, babu abokin gaba a ciki. Jirgi ne kawai, da sama, da ƙasa. Ya ce ƙasar ma ta gaske ce, daga hotunan tauraron ɗan'adam aka haɗa ta, duk inda mutum yake so a duniya zai iya zuwa.

Na ce, "Har Toranke?"

Ya ce, "Har Toranke, Yaya, in dai ka san hanya."

A Toranke aka haife ni, can ƙasar Ajingi, kuma mahaifiyata tana can har yanzu. Ni malamin gona ne. Kwanakin aiki ina kan babur tsakanin Gaya da ƙauyuka, ina duba gero da gyaɗa, ina sauraron ƙorafin manoma a kan tsutsa da taki. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Amma muna yara, lokacin roron gyaɗa, in na gaji nakan kwanta rigingine a kan harawa in jira wucewar jirgi. Sai ya ɓullo can ƙololuwa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, ƙararsa tana biye da shi a baya. Yadda yake tashi bai taɓa damuna ba. Abin da nake ta tunani shi ne yadda gonarmu take a idon mutanen da ke ciki, ko suna ganin tsamiyar da ke bakin iyaka, ko suna ganina.

Ranar farko sau huɗu ina kifar da jirgin tun bai bar ƙasa ba. Ƙanin matata ya yi ta dariya, yayarsa tana taya shi daga kicin. Bayan kwana biyu ya tafi, ya bar ni da akwatin da sandar da wata takarda da ya rubuta mini maɓallan da zan riƙa dannawa.

Wutar gidanmu ta sola ce, kuma kwamfutar tana da ci. Ba ta yarda sai rana ta yi ƙarfi. Don haka lokacin tashina ya zama Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa kiran azahar. Na zaɓi ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci, wanda fikafikansa suke sama, don ba sa tare wa mutum ƙasa. Cikin sati uku na iya tashi daga filin jirgin Kano ba tare da na karkace ba. Sai in juya gabas in nemi titin kwalta in bi shi kamar direban bas, har in ga kogi ya miƙe a gabana, in san na zo Wudil. Daga nan Gaya ba nisa. In na wuce saman garinmu sai in karya hagu in nufi arewa.

A nan matsalar ta fito. Abin da ke ƙarƙashin fiffike ina ganinsa sosai: gonaki layi-layi, hanyoyin ƙafa, jan ƙasa da baƙa. Amma da zarar na ɗaga ido na dubi gaba, sai komai ya narke. Kore da ruwan ƙasa da shuɗi su cakuɗe kamar kunun da aka dama aka bari ya huce. Ba na gane gari sai na zo kansa, kuma kafin in ce ga shi, na wuce. Sau uku ina zuwa inda nake zaton Toranke ce, ina zagaye, ban tabbatar ba.

Na aika wa ƙanin matata saƙon murya na gaya masa. Da yamma ya amsa, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. Ya ce, "Yaya, saiti ne. Na rage komai ne don kada ta yi zafi. Ka shiga wajen saitin hoto, za ka ga wasu layuka, kowanne da ɗan maɓalli da ake ja dama ko hagu. Akwai na nisan ƙasa. Shi za ka fara ja. Amma a hankali, kada ka ja duka lokaci ɗaya."

Shafin saitin da Turanci yake, kuma irin Turancin da ba a koya mana a makarantar aikin gona ba. Rubutun ƙanana ne. Sai na tashi daga kujera na je gaban talabijin na tsuguna kafin in karanta, ina cewa a raina masu wasan nan ba su san girman falon mutane ba. Shafin yana rufe hoton gaba ɗaya, saboda haka in na canza abu sai in rufe, in ruga in koma kujera in kama sanda kafin jirgin ya sunkuya. Haka na riƙa yi, tashi da zama, tashi da zama.

Jan farko ya yi aiki, har na yi kabbara. Gonakin da a da suke ƙarewa dab da hancin jirgi sai suka miƙe gaba. Kogin Wudil ya bayyana tun daga nesa, yana ƙyalli kamar zaren azurfa. Na ji daɗi na ƙara ja, na ƙara, har na kai maɓallin ƙarshe. Nan take fankokin suka ɗauki kuka, hoton ya fara tsalle-tsalle, jirgin yana tafiya kamar mai ɗingishi. Na taɓa akwatin na ji shi kamar murfin tukunya.

Na sake aika saƙo. Ya ce, "Ai na gaya maka. Ƙarfinta yana da iyaka. In kana son nisa, sai ka sauke mata wani kayan."

Daga nan na shiga rage kaya. Na fara da abin da ba ya damuna. Jiragen ruwa na cire su duka, me za su yi a ƙasar Gaya. Motocin kan titi na cire. Ma'aikatan filin jirgi masu kai da kawowa na sallame su. Inuwar gine-gine na rage ta, ƙyallin ruwa ma haka, ko da yake wannan ya ɗan sosa mini rai saboda kogi. Gajimare ne na daɗe ina jinkiri a kansa, don ina son yadda jirgi yake shiga cikinsa komai ya yi fari, sannan ya fito. Ƙarshe shi ma na mayar da shi 'yan tsiraru. Na samu tsohon littafin aiki na riƙa rubuta abin da na taɓa da abin da ya biyo baya, don in na ɓata in san hanyar komawa. Akwai wani saiti da yake gyara gefen abubuwa don kada su yi kamar haƙoran zarto. Akwai wani na kaifin hoto. Akwai wanda har yau ban san aikinsa ba, na dai lura in na kunna shi gonakin da ke karkace suna fitowa da kyau.

Wata Lahadi na kwance murfin akwatin, na share fankokin da gashin kaza, na juyo da fankar falo na saita ta a kansa. Matata ta shigo ta tarar da ni ina gumi, kwamfuta tana shan iska. Ta tsaya ta dube mu, ni da akwatin, ta ce, "Malam, to ko in dama mata fura?"

Ita sana'arta ɗinkin hula ce. Tana da wurinta a falon, kan tabarma kusa da kujerata, inda hasken ƙofa yake faɗowa. A nan take zama da zarurrukanta kala-kala, kanta a sunkuye, ba ta cika ɗagowa ba. Yara suna Islamiyya a wannan lokacin, gidan shiru. Babu abin da ake ji sai gurnanin injin jirgi da na rage masa murya, da fanka, da kukan kurciya a kan katanga.

Waɗannan safiyoyin suna cikin mafi daɗin da na taɓa yi. Na gano ana iya zaɓar lokaci da yanayi a cikin wasan, sai na tsayar da shi a kan sassafe, sama garau, kamar an yi ruwa da asuba an ɗauke. Sai in hau sama kaɗan, in rage gudu, in saki sandar ta zauna a tafin hannuna. Jirgin ya yi ta lilo a hankali. Wani lokaci iska ta shigo ta ƙofa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in rasa ko daga tsakar gida take ko daga tagar jirgi. Nesa tana nan a narke, duk da wahalar da na sha, amma na fara sabawa da ita ta wata hanya. In na hango wani duhu-duhu can gaba sai in ce wannan tsamiyarmu ce. In na ga wani fari-fari sai in ce rufin masallacin unguwarmu ne. Can gefe rijiya, can kuma hanyar da shanun maƙwabtanmu Fulani suke bi zuwa mashaya. Har mahaifina, Allah ya jiƙansa, nakan sa shi a ciki, yana tafe a kan kunya da fartanya a kafaɗa, bai san ɗansa yana samansa ba. In na iso wurin ba na duba ƙasa sosai. Sai in zarce, in sake hango wani duhun a gaba, in sake ba shi suna.

Abin ya bi ni har wurin aiki. Wata rana ina dawowa daga Balan a kan babur, na tsaya a wani ɗan tudu na kashe inji. Gero ya kai ƙugu, iska tana kaɗa shi. Na dubi can ƙarshen gonaki inda bishiyoyi suke haɗuwa da sama, na ga su ma a cakuɗe suke, kore-kore, babu gefe babu baki. Na ce a raina ashe masu wasan nan sun san aikinsu, haka nesa take ko a duniyar Allah. Na ji hankalina ya ɗan kwanta. Amma da Asabar ta zo na koma gaban talabijin na tsuguna, na ƙara wa hoton kaifi.

Ƙanin matata ya fara gajiya da ni. Na ɗauki hoton shafin saitin da waya na tura masa. Ya ce, "Yaya, wallahi wannan saitin ya fi wanda nake amfani da shi. Ban san me kake nema ba kuma. Ko talabijin ɗin ce?" Na goge talabijin da tsumma mai laushi. Na canza wayar da ta haɗa su. Na rufe labule, na buɗe labule. Har ce wa matata na yi ko za mu mayar da talabijin ɗin ɗaya bangon, ta ce bangon nan dai da na gani shi ne bangonta.

Ranar da abin ya warware Asabar ce, wajen ƙarshen damina. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, rana ba ta fito da ƙarfi ba sai wajen sha ɗaya. Na tashi daga Kano kamar kullum, na bi titi, na tsallake kogi. Ina tsakanin Wudil da Gaya sai zaren matata ya ƙare. Ta ɗago tana laluben wani a cikin gwangwani, idonta ya faɗa kan talabijin. Ta ɗan tsaya.

Ta ce, "Malam, waɗancan duwatsun Dutse ne?"

Na ce, "Waɗanne duwatsu?"

"Ga su can, ta hannun dama, inda ƙasa ta ƙare."

Na duba. Babu komai sai wannan shuɗi-shuɗin da na saba gani. Na ce mata gajimare ne.

Ta ce, "Wane irin gajimare, ba ka ce ka cire su ba? Duwatsu ne. Ga babba, ga wasu biyu sun jingina da shi. Ga titi ma ya nufi wajen, ya ɗan lanƙwasa."

Na ɗauka zolaya ce irin tata. Na dube ta, na ga babu dariya a fuskarta, allura tana tsaye a hannunta. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo kwamfutar. Na saki sandar, na bar jirgin yana tafiya shi kaɗai, na tashi na nufi talabijin hoton yana gudana.

Taku ɗaya, babu komai. Taku biyu, shuɗin ya fara rabuwa. A taku na uku sai ga su. Duwatsu uku, babba da ƙanana biyu, gefensu a yanke tsaf, har da inuwa a ɓangare ɗaya. Ga titin da ta faɗa. Ga garuruwa birjik a tsakani, kowanne da hanyoyinsa, ga gonaki har can ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya shiga cikin wani. Duk abin da na yi wata biyu ina nema yana nan a bangon falona, ban san tun yaushe ba.

Na ja da baya, duwatsun suka narke. Na matso, suka dawo. Na yi haka ya kai sau biyar, kamar mai rawa. Jirgin ya karkata ya faɗa cikin gonar wani, ban ko kula ba. Matata ta fara dariya, sannan ta daina. Ta tashi ta kama hannuna ta mayar da ni kan kujera. Ta nuna kalandar da ke rataye kusa da talabijin.

Ta ce, "Karanta mini abin da ke ƙasan hoton."

Na san akwai rubutu a wurin, ina ganin baƙi-baƙi. Na ƙanƙance ido. Na ce mata ai wannan rubutun ba wanda zai iya karanta shi daga nan. Ta karanta mini shi tiryan-tiryan, daga inda take tsaye a bayana.

Ta zagayo ta zauna a kan tabarmarta. Can ta ce, "Shi ya sa. Matar maƙwabcinmu ta ce mini mijinta ya ɗaga maka hannu sau biyu a bakin kasuwa ka wuce shi. Na ce mata ƙila tunani ne ya yi maka yawa. Ni kaina ranar da na dawo daga gidan suna, ina tahowa kana ƙofar gida kana kallona kamar baƙuwa, sai da na zo dab ka yi murmushi. Na ji haushi ranar, ban dai faɗa ba."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Na ɗauka wani laifin na yi."

Wannan maganar ta fi komai taɓa ni. Na zauna ina tuno mutanen da wataƙila na wuce su a hanya, manoman da suka yi mini sannu daga tsakiyar gona ban amsa ba, dattawan da ban sauka daga babur na gaishe su ba. Ban san lokacin da abin ya fara ba. A hankali ya zo, kullum ana ɗauke mini kaɗan daga nesa, ni kuma ina ɗauka haka duniya take.

Ranar Talata na ɗauki izini a wurin aiki na shiga bas zuwa Kano, asibitin ido. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da ni ta nuna mini allon haruffa a bango. Na karanta layi biyu na sama na tsaya. Ta ɗora mini wani firam ɗin tabarau mai nauyi a hanci, ta riƙa zura gilasai tana cirewa, tana tambaya, "Wannan ko wannan? Na farko ko na biyu?" Dariya ta kusa kuɓuce mini, don aikin da na yi wata biyu ina yi wa kwamfuta ke nan. Ta zura wani, sai haruffan suka tsaya cak har layin ƙasa. Ta ce ba wata cuta ba ce, idona ne ba ya kaiwa nesa, kuma da alama ya daɗe a haka. Ta tambaye ni ko ina tuƙi. Na ce babur. Ta dube ni ta saman nata gilashin, ta ce, "Allah ya tsare ka, Malam." Ban gaya mata zancen jirgi ba.

Bayan sati ɗaya na koma na karɓo tabarau. A hanyar dawowa na samu kujerar taga. Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiyar ba. Bishiyoyin da na sani dunƙule-dunƙule ashe kowacce ganye ne da ita, ɗaiɗai, kowanne yana motsinsa. Wayoyin lantarki suna da tsuntsaye a kai. A gadar Wudil na hango masu kwalekwale can tsakiyar ruwa, har na ga ɗaya yana ɗaga sanda ruwa yana zuba daga jikinta. Can cikin wata gona wata mata tana tafe da ƙwarya a ka, zanenta ja mai ɗigon fari, kuma na ga ɗigon. Kaina ya riƙa juyawa kaɗan, ƙasa ta yi kamar ta matso. Mutumin da ke kusa da ni ya ga ina ta leƙe, ya tambaye ni ko baƙo ne ni a hanyar. Na ce masa eh, kusan haka.

Da Asabar ta zo na zauna a kujerata da tabarau a fuska na kunna wasan. Abin da na fara gani shi ne na lalata hoton. Kaifin da na yi ta ƙarawa ya sa komai ya yi ƙyalƙyali, gefen kowace gona kamar an zana shi da reza, har ido yana zafi. Sai da na buɗe littafina na bi baya, na rage wannan na rage wancan. Daga kujera na yi, ban tashi ba. Na mayar da gajimare. Na mayar da ƙyallin kogi. Motocin ma na dawo da kaɗan, don titin ya yi kewa.

Sannan na karya hagu daga Gaya na nufi arewa, kuma a karon farko na gane Toranke tun daga nesa, daga yadda hanyoyi suka haɗu. Na sauko ƙasa-ƙasa ina zagaye. Gonakin na gaske ne, na gane fasalin wasu. Amma gidajen ba namu ba ne. Wasan ya dasa wasu 'yan akwatuna masu tsinin rufi, irin na wata ƙasa, babu katanga, babu zaure, babu rumbu. Bishiyoyin duk iri ɗaya ne, dogaye sirara, babu kuka babu tsamiya babu ɗorawa. Inda nake sa masallacinmu wani fili ne kawai. Na yi zagaye uku. Matata ta ɗago ta ce, "Ka samu gidan Inna?" Na ce na samu wurin da yake. Ta ce to ai sai ka je ka gaishe ta da ƙafarka, rabonka da ita ya kai wata.

Na aika wa ƙanin matata saƙo na ba shi labari duka. Amsarsa ta zo, kusan minti ɗaya babu komai a ciki sai dariya, a ƙarshe ya ce, "Yaya, don Allah ka yafe mini, har talabijin na zarga."

Washegari bayan la'asar na hau babur na tafi Toranke. An fara yankan gero, an jera dammuna a bakin hanya. Duk wanda na hango a gona sai na ɗaga masa hannu, wanda na sani da wanda ban sani ba. Na iske Inna a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Tun daga zaure na ga fuskarta, na ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, da yadda hannunta yake ɗan rawa in ta ɗaga faifan. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon abin da ke fuskata.

Ta ce, "Wannan kuma na gayu ne ko na lalura?"

Na ce na lalura ne, Inna. Ta miƙo hannu na cire na ba ta. Ta juya shi, ta goge da bakin zane, ta ɗora a hancinta a karkace. Ta dubi katanga, ta dubi akuya, ta yi sauri ta cire ta ce jiri yake sa ta, in karɓi abina.

Na zauna har magariba. Bayan an idar da salla muka fito ƙofar masallaci, sai na ga mutane sun tsaya sun fuskanci yamma, don ana sa ran tsayuwar wata. Shekaru da yawa in aka yi irin wannan tsayuwar nakan bi yatsan mutane da ido, in gyaɗa kai, in yi addu'a tare da su, alhali ban ga komai ba. Ranar na tsaya a gefe ina duban jan da rana ta bari a saman bishiyoyi. Sai ga shi, siriri kamar yankan farce, a ɗan kishingiɗe. Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba.

Na ce, "Ga shi can."

Wani dattijo abokin mahaifina ya matso kusa da ni, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Ina? Nuna mini, ɗana." Na kama hannunsa na ɗaga shi daidai wurin, na ce ya bi saman dogon giginyar nan ya ɗan yi dama. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce ya gani, ya fara addu'a, muka shafa tare.